Inuwar Zoɓo

Ƙarfe ɗayan dare a Yelwan Yauri.
Janaretan maƙwabci ya yi tari biyu ya mutu,
saura kashi talatin a batirin kwamfuta,
ni kuwa ina kokawa da wani kofin gilashi
da babu shi ko'ina sai cikin allon nan.

Na zana shi, na cika shi da zoɓo,
na ɗora shi kan teburin da kafinta bai taɓa ba,
na rataya masa rana ta lissafi.
Ya fito kamar an zuba shi da dalma,
inuwarsa baƙa wuluk irin ta turmi.
Ige ta leƙo ta kafaɗata, goyo a baya:
"Wanga ne zoɓon? Wa za shi sha kwalta?"

Na'ura ba ta zaman jiran haske.
Daga ido take harba zare,
ɗigo ɗaya zare ɗaya, dubu bisa dubu,
kowanne yana bin sawun haske da baya
kamar mai cigiyar tunkiya har garken da ta fito.
In ya ci karo da bango, ya karɓi launi ya koma.
In gilashi ne sai ya rabu biyu:
ɗaya ya dawo ɗauke da hoton taga,
ɗaya ya kutsa ciki, ya karkace,
ya shiga ruwa ya sake karkacewa.

Wannan karkatar na san ta tun ban san boko ba.
Baba Nomau a goshin kwalekwale,
gorarsa ta karye a ruwa, ya zaro ta lafiya lau.
"Kifi ba shi nan inda ka gane shi, yaro.
Ruwa maƙaryaci ne, amma ƙaryarsa ɗaya ce kullum.
Soki ƙasa da shi."
Yau ƙaryar tana da lamba:
ɗaya da ɗigo uku uku ta ruwa,
ɗaya da rabi ta gilashi.
Na rubuta su, ina jin ƙarnin koma a hannuna.

To ina baƙin ya fito?
Na bi layukan da yatsa har idona ya yi yaji.
Ashe tsalle huɗu kawai na yarje wa zaren,
yana ƙarewa a tsakiyar kofi,
bai kai gaɓa ba guzuri ya yanke.
Na ba shi goma sha biyu.
Sannan ɗan aiken da ke zuwa tambayar rana,
da ya ga kofi sai ya juyo, wai an rufe hanya.
Na ce masa: wuce, ba katanga ba ce,
sai dai za ka biya kuɗin fito.

Zoɓo yana karɓar kore, yana karɓar shuɗi,
ja kaɗai yake bari ya haye.
A bakin kofi, inda tafiya gajera ce, ja-ja ne mai fara'a.
A gindi, inda ta yi nisa,
ya yi duhu kamar Kwara bayan magariba,
lokacin da muka tsaya a gaɓa da tocila
shekara shida ke nan
muna kiran sunan da bai amsa ba.

Kashi bakwai.
Na danna, na naɗe hannu.
Fanka tana huci, hoton yana saukowa
layi bayan layi, kamar ana saƙa tabarma.
Bakin kofi. Taga ƙarama a gefensa.
Cokali a ciki, a karye, lafiyarsa ƙalau.

Sai tebur.
Ga inuwa kwance, ja,
da wani ɗan tabon haske a cikinta
kamar garwashi ƙarƙashin toka.

Ige ba ta ce komai ba.
Ɗan bayanta ne ya farka, ya miƙo hannu,
ya dangwali allon daidai kan inuwar,
ya kai yatsa baki.

Kashi biyu. Na adana.
Daga can bakin ruwa wani yana kwance jirgi.